Barau da Jan Faifan Korar Tsuntsu

Jikana Barau yaron kirki ne, wannan kam ba zan tauye masa ba. Ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya shaye-shaye, in ya ga tsohuwa da kaya a ka sai ya karɓa mata. Aibinsa guda ne: bakinsa ya riga hankalinsa balaga. Tun yana ƙarami, in ya yi tuntuɓe ya faɗi, cewa yake ƙasa ce ta taso ta mare shi.

Ya yi shekaru a Kano yana yaron shago wurin wani mai sayar da kayan wuta na gwanjo, irin tarkacen da ake kwasowa daga ƙasar Turawa. Da lokacin sallamarsa ya yi, ubangidan ya ce ya zaɓi abu a shagon ya ja jari da shi. Ga injin ban-ruwa, ga injin markaɗe, ga firiji. Barau ya tsallake su kaf, ya dawo mana Kiyako ɗauke da tsohon garmaho a ka, da wani abu fale-fale a hammata.

"Amarya! Fito ki tarbi arziki, yau da ƙafarsa ya zo gidanki!"

Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa maigida, irin wasan jika da kaka.

Na fito ina goge hannu. "Sannu da hanya, maigida. Injin yana mota ne?"

"Wane inji? Injin ban-ruwa ai kowane ɗan ƙauye yana da shi. Wannan kuwa, daga Birnin Kudu har Gwaram, har ki dangana da Bauchi, ni kaɗai ne."

Ya miƙo mini abin da hannu biyu kamar mai miƙa jariri ranar suna. Kwali ne mai faɗi a cikin leda. A jikinsa ga hoton wasu ƙarti, gashi har gadon baya, ba hula ba ɗankwali, kowa ya ɓata rai kamar an hana shi gado. A samansu ƙoƙon kan rago sanye da hular ƙarfe, wuta na fita ta hancinsa.

Na ce, "A'uzu billahi. Waɗannan 'yan fashin ina ne?"

"Mawaƙa ne, amarya. Kiɗansu ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, su ne kuma sarakunansa. Sunan wannan faifai da Hausa, Ranar da Maƙera Suka Yi Fushi. Tun kafin ki yaye babana suka buga shi, amma har gobe in Turawa suka ji shi kuka suke yi."

"Ai dole. Ni hoton kawai na gani, ga idona ya fara kawo ruwa."

Faifan garmaho ba baƙona ba ne, mun taka rawa da shi a gidan biki muna 'yan mata, sai dai namu baƙi ne. Nasa, in ji shi, ja ne wur kamar manja, bugu na musamman da aka yi 'yan kaɗan don manyan masu tarawa, har da lambar zinare a kusurwa. Ya ce akwai Baturen da zai ba da mota sukutum a kansa.

"Amma ki sani, darajarsa duk tana cikin ledar nan. Ranar da aka yage ta, ranar ya zama gama-gari."

"To abin da ba a buɗewa, ba a ji, ba a ci, me ake yi da shi?"

"Mallakarsa ake yi."

"Maigida, ai ko kabari mallakarsa ake yi."

Aka yi ta jiran Bature. Damina ta yi nisa, Bature bai ɓullo Kiyako ba, ko da ɓatan hanya.

Ni kuwa ba Bature ne ya dame ni ba, gerona ne. Gona ɗaya marigayi ya bar mini, can bakin burtali inda shanu ke bi su je mashaya. Abin da ta bayar shi ne tuwona da kununa har shekara ta zagayo, shi ne kuma tuwon Barau, don mai faifan mota a kwanona yake ci. A wannan shekarar gero ya yi kyau, kowane kai kamar damtsen ɗan dambe. Yana fara ƙwaya sai ga jan-baki. Wanda bai san tsuntsun nan ba, ɗan mitsitsi ne, amma ba ya zuwa shi kaɗai, zuwa yake kamar hadari. In ya sauka a gona ka je ka yi alwala ka dawo, sai dai ka tarar da kara.

Maganinsa tun kaka da kakanni shi ne tsaro. Ana kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Kana zaune a sama kana jan igiya kana ihu, daga fitowar rana har faɗuwarta. Haka nake yi kullum, ni da gwiwoyina da suka riga ni tsufa. Maƙwabciyata Sa'adiyya tana nata a gonar da ke jikin tawa. Tsohuwa ce sa'ata, bakinta ya fi aska.

Wata rana na dawo muryata ta dishe, na tarar da Barau kwance a gindin darbejiya, ya ce bari ya jiyar da ni waƙar ta waya, tunda faifan ba a buɗewa. Ya danna. Ban san da me zan kwatanta abin ba. A zuba wa injin niƙa tsakuwa, a gefensa ana yanka akuya, a bayansa rumfar kwano tana rushewa, to an kusa. Zabina suka tashi fir suka haura katanga. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Kurciyoyin da ke kan darbejiyar suka bar unguwar.

Barau ya miƙe zumbur. "Kin gani? Amarya, kin gani?"

"Na ga zabina sun tafi gidan Sa'adiyya. Tashi ka koro su."

"Ki bar maganar zabi! Abin da ya kori kurciya zai bar jan-baki? Daga yau kin bar jan igiya. Ke ba ke kaɗai ba, duk manoman ƙasar nan. Zan kafa kamfani. Gonarki ce za ta zama abin nuni, mutane su zo su gani, su yi layi."

Washegari ya je wurin Sada, mai cajin waya a bakin kasuwa, wanda ke ba da hayar janareto da lasifika in ana biki. Sada ya biyo shi har gida don ya ga abin da idonsa. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, "To Barau, tunda waƙar tana cikin wayarka, mu jona wayar da lasifika mana, a huta."

Barau ya dube shi kamar ya ce a yi miya da toka. "Ka ji matsalar rashin fita. Sautin waya ai sanyi gare shi, ba shi da jiki. Sautin faifai ɗumi gare shi, yana da nauyi."

"Tsuntsu ya san wannan?"

"Tsuntsu ya fi ka kunne."

A ranar mun bar wa yaran unguwa tsaron gona, mata sun taru a tsakar gidana muna matsar ƙuli-ƙuli. Sa'adiyya tana jin su, hannunta cikin tunkuza, ta ce, "Ni fa Yaya Kubra, abin nan na jikanki ban yarda akwai komai a ciki ba. Wa ya taɓa gani? Ƙila murfin tukunya aka naɗe masa."

"Gwaggo, ja ne wur, kamar manja."

"Ka gani?"

"An rubuta a jiki."

"Ai ni ma an rubuta a katin zaɓena ban kai hamsin ba."

Mata suka kwashe da dariya. Wuyan Barau ya kumbura. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin, ya tsaya a tsakiyarmu, ya sa haƙori ya yage ledar ƙyat.

Na ce, "Maigida, ba kai ka ce darajar tana cikin ledar ba?"

Ya dubi yagaggiyar ledar a hannunsa. Sai ya ninke ledar a hankali ya sa a aljihu. "Ga ta nan, na adana ta."

Gaskiya abin ya yi kyau. Ja ne garau, in ka ɗaga shi kana hango rana ta ciki. Mata suka ce sai sun taɓa. Ya bi hannu hannu, kowace da man gyaɗarta, Sa'adiyya har da ƙwanƙwasa shi da farce ta ji ko tangaran ne. Kafin ya dawo wurin mai shi ya yi naso yana walƙiya kamar an soya shi.

"Ba komai," in ji Barau. "Mu da muka san kayan, mun san yadda ake kula da su."

Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya zuba omo, ya ɗauki soson da nake wanke tukunyar tuwo, ya dirje faifan ciki da bai har yana nishi. Ya ɗauraye. Ya duba inda na shanya kuɓewa a kan kwanon ɗakin girki, ya ture kuɓewata gefe, ya kwantar da shi a nan, rana tana tsaka.

"Ya sha iska kaɗan. Bari in je in sanar da jama'a."

Ya tafi teburin mai shayi, daga nan ya hau babur ɗin aro ya yi Sundimina, ya zarce Farin Dutse, duk inda ya ga manoma uku a inuwa sai ya tsaya ya yi musu wa'azin faifai. Bai dawo ba sai bayan la'asar sakaliya. Ya hau turmi ya leƙa kan kwano. Na ji shiru. Shirun Barau kuwa abin tsoro ne.

Abin da ya sauko da shi ya lanƙwashe kamar malafar da jaki ya kwana a kai. Gefe ɗaya ya tashi, gefe ɗaya ya kwanta, ga sawun kwano layi-layi a bayansa.

Sa'adiyya ta leƙo ta kan katanga. "Barau, ɗumin ne ya yi yawa?"

"Gwaggo, haka 'yan asalin suke yi. Jabu ne ba ya motsi."

Ya aro dutsen guga na gawayi wurin mai wanki, ya shimfiɗa ɗankwalina a kan faifan, ya danna. Wari ya tashi kamar ana ƙona taya. Da ya ɗaga, ɗankwalina ya manne, fuskar faifan ta shafe sumul kamar goshin jariri, babu layin waƙa ko ɗaya.

Na ce, "Maigida, ina maƙeran suka tafi?"

"Wannan ɓangaren dama waƙoƙin sanyi ne. Masu zafin suna ɗaya fuskar."

"Ɗankwalina fa?"

"Ya shiga tarihi, amarya."

Ranar nuni na doshi gona da sassafe, na tarar da ita fayau. Babu igiya ko ɗaya. Babu gwangwani. Barau ya riga ni zuwa ya kwance su kaf ya tara a gindin kuka, har da igiyoyin da suka ɗaure ƙafafun rumfar.

"Barau! Ina tsarona?"

"Na sauke. Kada gobe maƙiya su ce gwangwani ne ya yi aikin."

"In tsuntsu ya cinye geron nan, me za mu ci?"

"Shinkafa 'yar waje, da cokali."

Kafin in sami abin jifansa jama'a sun fara isowa. Mutanen Sundimina a kan babura, na Farin Dutse a bayan a-kori-kura, wani dattijo daga Gwaram a kan jakinsa. Mai unguwa ma ya zo, aka kafa masa kujera a inuwa. Sada ya girke lasifika biyu manya a bakin gona, ya ajiye janareto, ya ɗora garmaho a kan teburin mai shayi. Barau ya fito cikin baƙar rigar fata ta gwanjo mai ƙusoshi a kafaɗa, da baƙin tabarau, zufa tana bin gemunsa tun rana ba ta yi zafi ba.

Sada ya girgiza janareton ya ce, "Barau, man nan fa ɗan kaɗan ne. Na ce ka ciko galan."

"Na ƙara masa kananzir, zai kai."

"Ka ƙara masa me?"

Barau ya riga ya haye rumfa ya ɗaga hannu. "Jama'a! Ranka ya daɗe! Yau za a raba manomi da ihu. Kakanninmu sun yi ta kaɗa gwangwani saboda ba su da ilimi. Ni na je na gano. Daga yau jan-baki in ya ji an ce Kiyako, sai ya canza hanya!"

Sa'adiyya daga kan tata rumfar ta ce, "Ka yi sauri, ga surukanka nan sun iso!"

Muka ɗaga kai. Ga su nan daga gabas, baƙi ƙirin, suna murɗawa kamar hayaƙi. Suka tsallake gonar Sa'adiyya da ke ta ƙarar gwangwani, suka ga tawa shiru kamar an yi musu shimfiɗa, suka zubo.

"Sada, tayar!"

Janareto ya yi tari ya kama. Barau ya diro ya ɗora allura a kan faifan, faifan yana juyawa yana hawa da sauka kamar kwale-kwale. Sai abin ya fashe.

Wallahi na ji shi har cikin haƙoran da ba ni da su. Mai unguwa ya yi baya da kujera, ƙafafu a sama. Jakin dattijon Gwaram ya tsinke igiya ya nufi gida ba tare da mai shi ba. Mutanen Farin Dutse suka kwanta rub da ciki. Tsuntsaye kuwa suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu.

Barau ya yi tsalle ya daki iska. "Kun gani! Wa ya ce? Ina Gwaggo? A fara layi daga nan, ba na son turereniya!"

Ni kaina na ce a raina, kai, ko yaron nan ya yi abin kai ne?

Tsuntsayen suka yi kewaye ɗaya a sama kamar masu shawara. Suka sauka a can ƙarshen gona. Suka ɗan saurara. Da suka ga abin ƙara ce kawai ba dutse a cikinta, sai suka matso. Kafin a jima wasu sun sauka a kan lasifikar kanta suna gyara fiffike.

"Ƙara murya, Sada!"

"Ta ƙure!"

Allurar ta zo kan tudun da rana ta yi wa faifan, ta yi tsalle ta koma baya. Mawaƙin ya kurma ihu, ta koma baya, ya sake kurma shi, ta koma baya. Ihu ɗaya tak yake ta yi kamar wanda kunama ke harbi a wuri guda. Ana cikin haka kananzir ya isa cikin janareto. Ya fara shaƙewa, yana tafiya yana jan ƙafa, garmaho ma ya rage gudu. Muryar mawaƙin da take siririya kamar ta mai guɗa ta fara kauri. Ta koma ta ƙato. Ta koma ta wanda ke magana a cikin rijiya. Daga nan ta zama wani dogon ruri mai fitowa daga ƙirji, buuuu, ta ɗan tsaya, buuuu.

Daidai lokacin Malam Ikrima ya kawo shanunsa ta burtali za su mashaya. Mutum ne mai haƙuri, shekara da shekaru shanunsa na bin gefen gonata, ko ganye ba su taɓa tsinka ba. A gaban garken akwai wani farin bijimi mai tozo kamar tulu, wanda duk yankin an san ba ya son jin muryar wani namiji. Ya tsaya cak. Ya ɗaga kunne. Lasifika ta ce buuuu. Ya sunkuyar da kai ya fara tonon ƙasa da ƙafa.

Ikrima ya yar da sanda yana ɗaga hannu. "Ku kashe abin nan! Ku kashe! Ya ɗauka wani bijimi ne ke kiransa faɗa!"

Barau ya ce, "Malam Ikrima, ka bi layi kamar kowa!"

Bijimin ya amsa da nasa rurin, ya keta shingen ƙaya kamar zare. Shanu kuwa inda babba ya sa kai nan suke bi. Garken nan kaf ya afka cikin gerona. Ina ji kara na karyewa ɓas ɓas ɓas, kowace ƙara kamar a haƙarƙarina. Na yi salati na ɗora hannu a ka.

Jama'a suka watse, mai hawa kuka na hawa, mai faɗawa kunya na faɗawa. Sada ya rungumi janareto ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bijimin ya nufi lasifikar farko ya soke ta, ya ɗaga ya yar. Ya juyo kan ta biyu. Barau, maimakon ya gudu, sai ya tsaya a gaban teburin ya buɗe hannuwa.

"Kai! Ka san ko nawa ne a duniya?"

Bijimin bai tsaya lissafi ba. Barau ya ga ƙaho ya doso cibiyarsa, ya juya ya ɗare rumfa kamar biri. Rumfar da ya kwance wa igiya da hannunsa ta yi lilo sau biyu, ta tafi da shi luu, ta ajiye shi a tsakiyar kashin shanu mai ɗumi, rigar fata da tabarau da komai. Bijimin ya sa kai ƙarƙashin tebur ya watsar. Garmaho ya yi gabas, allura ta yi yamma. Faifan kuwa, da rana da guga suka riga suka tausasa shi, ƙaho ya shige ta tsakiyarsa ya zauna daram.

Bijimin ya tsaya a tsakiyar gonata yana huci, da jan faifai a ƙahon dama da guntun ɗankwalina yana kaɗawa, kamar amaryar da aka yi wa kwalliya ba ta so.

Sa'adiyya ce ta fara magana. "To Barau, ga Baturen ya zo ya ɗauka."

Da ƙyar Ikrima ya tattara shanunsa ya fitar. Sa'adiyya da matan unguwa suka shiga da gwangwanaye suka tashi tsuntsayen. Na zagaya gonar. Ɓangaren burtali ya kwanta kamar an yi sussuka, can ƙarshe tsuntsu ya yi aski. Tsakiya da gefen Sa'adiyya ne suka tsira. Na tsaya na dubi karan da na yi wa noma da gwiwoyin nan.

Al'adarmu, in shanu suka yi ɓarna a gona, mai unguwa kan zo da dattawa a duba, mai shanu ya biya. To yau ba a sha wahalar kiran kowa ba, mai unguwa na nan yana kaɗe rawaninsa, shaidu kuwa har daga Gwaram. Aka zauna a gindin kuka.

Barau ya taso yana ɗingishi, ƙudaje na rakiyarsa. "Ranka ya daɗe, a bi mana hakki. Shanun Malam Ikrima sun ɓata gonar kakata, sun kuma sace mini dukiya. Ga ta can a kansa."

Ikrima ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, Inna Kubra tana nan, ta faɗa in shanuna sun taɓa shiga gonarta. Yau ma ba shiga suka yi ba, gayyatarsu aka yi. Da lasifika. A gabanka."

Mai unguwa ya ce, "Na ji gayyatar. Har yanzu kunnena na hagu yana amsa ta." Ya dubi dattawa, suka gyaɗa kai. "Wanda ya kira baƙo shi ke ciyar da shi. Ɓarna tana kan Barau. Barau, me kake da shi?"

Barau ya laluba aljihu ya zaro ledar nan a ninke.

Dariyar da aka yi har dattijon da jakinsa ya gudu sai da ya riƙe ciki. Mai unguwa ya share hawaye ya juyo gare ni. "Inna, gonarki ce, jikanki ne. Me kike so a yi masa?"

Na dube shi. Ya sunkuyar da kai, kashin shanu har a kunne, sai na ga ɗan yaron nan da ƙasa ke tasowa ta mara. Tausayi ya kama ni. Amma tausayi ba ya cika rumbu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya kafa rumfar nan yau, ya mayar da kowace igiya inda ya same ta. Daga gobe shi ne mai tsaro, tun fitowar rana har faɗuwarta, har a yi girbi. In ya ƙare, ya yi wa Sada dakon janareto gidan biki har lasifikarsa ta dawo. Kuma a cikin rigar nan zai yi, tunda ya ce ɗumi ke korar tsuntsu."

Haka aka yi. Abin mamaki, maƙogwaron da ya dame mu shekara da shekaru ashe aikinsa ke nan. In Barau ya kurma ihu daga kan rumfa, irin na mawaƙin nan yake kwaikwaya, ga gwangwani ga hoge yana jifa, jan-baki ko inuwar gonar ba ya bi. Har gonar Sa'adiyya ya tsare ba da niyya ba, ta samu ta zauna tana cin gyaɗa tana ba shi umarni.

Faifan kuwa ya yi zamansa a ƙahon bijimi, don babu mai ƙarfin halin cirewa. Duk safiya in garken ya zo wucewa, sai ka ga abu ja yana walƙiya a gaba, mutanen hanya suna nunawa.

Ana gab da girbi na kai masa kunu a gona. Ya sauko, murya ta dishe, ya rame, rigar fata ta yi fari da gishirin zufa. Ya shanye kwanon tas. Sai ga shanun Ikrima sun ɓullo. Barau ya bi bijimin da kallo, na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da na sani.

"Amarya, kin san wani abu? Jan faifan nan akwai irinsa 'yan kaɗan a duniya. Amma wanda ke haɗe da bijimi, wallahi guda ɗaya ne tak. In Baturen nan ya zo, ni da Malam Ikrima sai dai a yi rabo, don kin ga ai nawa ne a sama."

Na karɓi kwanona. Na kamo igiyar gwangwani na danƙa masa a hannu, na nuna masa gabas, inda wani ɗan baƙin hadari ya fara murɗawa.

"Hau, maigida. Ga masu sauraronka can sun iso."

Rumbuna ya kai rabi a shekarar. Da na zo rabon tuwo kuwa, na bi ƙa'idar masu tarawa: nasa bugu na musamman ne, ɗan kaɗan ake yi.